Camry ko Sonata: wacce ta fi dacewa da mai iyali?

A wajen dillali za ka tarar da su kafaɗa da kafaɗa, Toyota Camry ta Japan da Hyundai Sonata ta Koriya ta Kudu, shekararsu ɗaya, amma kuɗin Sonata ya fi sauƙi. Buɗe ƙofarta ka gani: sau da yawa kujerun fata, kyamarar baya, sitiyari cike da maɓallai, abubuwan da sai ka ƙara kuɗi za ka same su a Camry. Koriyawa sun yi rawar gani. A Amurka har garantin shekara 10 Hyundai ke bayarwa kan inji, sai dai wannan alkawari ba ya biyo mota zuwa Kano.

Inji ne abin dubawa. A 2015 kamfanin ya nemi a dawo masa da Sonata ƙirar 2011 da 2012 kusan 470,000 a Amurka don a duba a gyara, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin injin tun daga masana'anta, wanda ke hana baƙin mai zagayawa har injin ya buga. Ita ma Camry tana da nata tabon: ƙirar 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan baƙin mai.

Duk da haka ni Camry zan ɗauka. Ko a ƙauye ta tsaya maka da yara a baya, bakaniken bakin titi ya san cikinta, kayanta kuwa ga su jibge a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Ranar da ka tashi sayarwa ma ba ta kwana a hannu, ita kuwa Sonata sai ka sauke farashi sosai kafin a taya.