Tsohon Pioneer: a canza mai kondansater ko a sa mai kat na zamani?

Ɗan'uwan da ya tambaya kan tsohon ampili mai rediyo, Pioneer SX-780 na babanshi, wai yana gurnani kuma gefe ɗaya na ɗaukewa, mai gyara a Kasuwar Dole ya ce a kwashe kayan ciki a dasa ƙaramin kat (allon ampili na zamani mai tsimin wuta) na kilas D mai Bluetooth. Malam tsaya tukuna kar ka bari a taɓa.

Hanya ta farko, gyaran asali. Ampilin nan na wajen 1978 ne, wat 45 kowane gefe kan baful mai om 8. Gurnanin yawanci kondansater ne, ƴan gwangwanin da ke ajiye wuta suna tace ta, suka bushe, ruwa ne a cikinsu kuma zafi ke shanye shi, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, to ka duba zafin Damagaram a watan 4 da 5. Sai a sa sababbi masu 105°C maimakon 85°C, mikurofarad (ma'aunin wutar da suke ajiyewa) daidai da na da, bolt ɗin ko ya ɗan fi ba laifi amma kar ya gaza. A nemi na kamfanin Nichicon, Panasonic ko Rubycon, in ba a samu nan ba a aika Sabon Gari Kano, sai dai jabu sun yi yawa wallahi, in ka ji shi ba nauyi a hannu ka aje. Ɗaukewar gefe kuwa sau tari ƙurar hunturu ce a maɓallan murɗawa ko dalma ta tsage, feshin wanke kontak ya isa ga ƙurar, dalmar kuwa sai an sake narka ta. Inda gizo ke saƙar shine STK-0050, na'urori guda biyun da ke ba baful ƙarfi, Sanyo ta daɗe da daina yinsu, na kasuwa akasari kwaikwayo ne. Shi yasa a fara aunawa, a bakin wayar baful kar DC (wutar da ke tsaye, irin ta batir) ya wuce milibolt 50, kuma kunnawar farko a bi da wutar ta cikin ƙwan lantarki mai zare na wat 100, in akwai matsala ƙwan zai haske maimakon abu ya ƙone.

Hanya ta biyu, kat mai TPA3116, sunan ƴar na'urar da ke ba shi ƙarfi kenan. Araha, gyaran yini ɗaya, baya zafi don sama da kashi 90 na wutar yake maidawa sauti, kuma yana tashi da batirin sola in an ɗauke kuran. Amma wat 50 ɗin da ake rubutawa sai da bolt 21 kan om 4, da batir 12 kan tsoffin baful ɗinka da ƙyar ka samu wat 9. Iyakarshi bolt 26, tiransifon Pioneer ya zarce haka nesa, kenan sai an sayo mai wata wutar daban, rediyon FM da wurin garmaho duk sun tafi, akwati kawai ya rage maka.

Ni dai in STK da tiransifo na da rai, gyaran asali zan yi, ko da ya fi cin kuɗi da lokaci, sautin ƙasa-ƙasan nan mai kauri kat ɗin da ke kan batir 12 ba zai baka shi ba. Bluetooth ai ba sai an farke ciki ba, ɗan risiba zaka jona a ramin AUX shikenan. Kat ɗin ka saye shi daban a nashi akwatin don zaman majalisa da dare. In STK ɗin sun ƙone ne sannan a yi maganar dasawa, kuma ka ce mai gyaran ya maido maka duk abinda ya cire a leda.