Ina za ka sayar da ƙarin manhajar da ka rubuta, kuma nawa?

Matasan Maradi da ke rubuta ƙananan manhajojin da ake jona wa WordPress (manhajar gina shafin intanet) ko Chrome (manhajar shiga intanet) sukan fara da tambayar farashi. Ni kuwa a ganina tambayar farko ita ce: ta wace hanya kuɗin za su iso hannunka? Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ba ya buɗe asusu ga mazauna Nijar, don haka duk dandalin da ka sa wa ido, sai ka fara duba yadda yake biyan mai kaya kafin ka ɗora komai.

Chrome Web Store ya daina karɓar kuɗi a madadin masu manhaja tun 2021. Rumbun WordPress.org shi ma kyauta ake ɗauka a cikinsa. Amfaninsu su sa a san ka, ciniki kuwa a wani wuri za a yi shi.

CodeCanyon kasuwa ce mai cike da masu saye, amma kasonta da tsoka, kuma tsarinta biya ɗaya ne, haɗe da tallafin wata 6. Nan ne ake shan wuya. WordPress ba ya daina sabuntawa, kai kuma dole ka bi shi da gyara, alhali wanda ya saya bara ba zai ƙara maka ko sisi ba. Shi ya sa na fi son kuɗin shekara-shekara: a ba da ƙaramin siga kyauta, mai son cikakke ya biya duk shekara.

Don irin wannan, dandalin ciniki irin su Paddle da Lemon Squeezy sun fi dacewa, domin su ne ke tsayawa a matsayin mai sayarwa, su ji da harajin Turai da na Amurka. Suna cire kashi 5 cikin ɗari da santi 50 a kowane ciniki. Yi lissafi da kanka: kayan dalar Amurka 5, santi 75 sun tafi, wato kashi 15. Kayan dala 49 kuwa, kashi 6 ne kawai. Arha a nan kai take ci. Illarsu ɗaya, ba sa kawo maka mai saye, kai za ka nemo shi.

Sai kasuwar gida. Mai shagon atamfa a babbar kasuwa da ke son abin lissafin kaya a Excel ba ruwansa da katin banki. Zai ce a zo a saka masa, ya taya, ka ce albarka, a daidaita, ya turo ta Nita ko Airtel Money. Kada ka yi masa zancen kuɗin shekara da fari. Yanke kuɗin sakawa daban, na gyara daban, kuma a rubuta a takarda, in ba haka ba ko firinta ce ta ƙi aiki cikin dare kai za a kira.

In kana da masu saye a Faransa, sa farashin da yuro, tunda sefa a ɗaure take da shi, wajen sefa 656 kowane yuro ɗaya. Abokan ciniki na Katsina da Jibiya kuma ka faɗa musu da sefa, su yi canjin nairarsu da kansu.