Rigar Montreal ko ta Toronto: wacce za ka saya wa yaron?

Malam, barka da zuwa Kanada, ƙasar sanyi. Batun rigar hokin ƙanƙara da za ka saya wa yaronka, ta Montreal Canadiens ko ta Toronto Maple Leafs, duka biyun na taɓa zuba musu kuɗina, amma ɗaya ce kawai har yau nake sawa.

Jar rigar Montreal mai lamba 9 a baya, launinta ne ya ja ni, lokacin ko dokar wasan ban sani ba. Wata rana a jirgin ƙarƙashin ƙasa wani dattijo Bature ya dafa min kafaɗa, ya nuna lambar, ya kama zuba Faransanci kamar mun daɗe da sanin juna. Ashe lambar Maurice Richard ce, tsohon ɗan wasan Montreal mai jin Faransanci, mutumin da ya fara zura 50 a raga cikin wasa 50, a kakar 1944 zuwa 1945. Tsohon ya ce yana yaro sa'adda shugaban NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, wato Clarence Campbell, ya dakatar da Richard a watan Maris na 1955, gari ya ɗauki zafi, aka yi tarzoma a bakin Forum, filin wasan Montreal na lokacin, don masu Faransanci sun ɗauki hukuncin raini ne daga masu Ingilishi. Ina sauraronsa har na wuce tashar da zan sauka.

Daga nan na bi diddigin ƙungiyar. A ranar 4 ga Disamba 1909 aka kafa ta, ta girmi ita kanta NHL da aka kafa a 1917. Don 'yan wasa masu Faransanci aka yi ta, ko da yake mai kuɗin, Ambrose O'Brien, mutumin Ontario ne, lardin masu Ingilishi. Kakar farko su suka zo na kashin baya. A 1916 suka ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun wasan, a karon farko bayan sun doke Portland. A 1919 sun kai wasan ƙarshe da Seattle, annobar mura ta kwantar da 'yan wasan, aka fasa, ɗan bayansu Joe Hall ya rasu. Shekara ɗaya bayan waccan tarzomar suka fara abin da ba a sake yi ba, kofi biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, sannan huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979. Ƙanin Maurice, Henri Richard, shi kaɗai sau 11 ya ɗaga kofin. Jimillar kofunan ƙungiyar 24, babu mai kama ƙafarsu. Gaskiya dai rabonsu da shi tun 1993, ban ɓoye maka ba.

Toronto kuwa kofi 13 gare su, na ƙarshe a 1967, lokacin ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar. In ba su haƙƙinsu, Montreal ɗin suka doke a waccan shekarar. Shuɗiyar rigar tasu tana ƙasan akwatina tun 2021, da suna gaban Montreal da wasa uku da ɗaya a zagayen da wanda ya fara cin wasa huɗu ke wucewa, suka bari aka fitar da su.

Abin da ba ka tambaya ba: ka yi hattara da masu tallan riga a intanet da rabin kuɗi, wai kaya ne suka yi kwantai. Wani abokina ya faɗa hannunsu. Jan ya koma ruwan lemo bayan wanki biyu, tambarin ƙirjin ya karkace, zare na zazzagowa daga lambar, mai sayarwar kuma ya rufe shafinsa. Kafin ka biya, sa a juya maka cikin rigar ka ga ɗinkin. Wanda ya ce sai dai ka tura kuɗi kai tsaye, rabu da shi. In aljihu bai kai sabuwa ba, shagunan gwanjo na nan, ana dacewa da ta asali.

Sayi ta Montreal. Ka ɗauki wadda ta ɗan fi shi girma, don a kan rigar sanyi zai riƙa ɗora ta.