Allurar EPO ta masu ƙarancin jini: yadda ake yin ta a Ingila da yadda ake yi a gida

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk gidan da ke da mai ciwon ƙoda kuma yake da ɗan uwa a Turai, saƙon da yake aikowa kusan iri ɗaya ne: don Allah a samo mana allurar ƙarin jinin nan ta can, an ce ta fi ta nan ƙarfi. Gaskiyar magana, ruwan da ke cikin sirinjin aikinsa ɗaya ne a Kano da Birmingham, muddin na gaske ne kuma zafi bai lalata shi ba. Inda Ingila ta yi mana nisa shi ne abin da ake yi kafin a soka allurar da abin da ake yi bayan an soka ta, kuma da yawa daga ciki ba sa buƙatar kuɗin Turawa.

Aikin ƙoda bai tsaya ga tace fitsari ba. Ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna iritirofoyetin, wanda ake taƙaitawa EPO, shi ne ke kai wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Idan ƙoda ta raunana sai saƙon ya ragu, jini ya yi ƙasa: kasala, haki daga ɗan tattaki zuwa masallaci, tafin hannu da cikin fatar ido su ɗashe. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa da aka haɗa a masana'anta, Epogen na kamfanin Amgen. Kafin nan masu wankin ƙoda leda bayan leda ake ƙara musu jini. Babban amfanin allurar ke nan, rage yawan ƙarin jini. Kowace leda tana iya sa jiki ya ƙera garkuwar da za ta yaƙi ƙodar da za a dasa masa nan gaba, ga sinadarin ƙarfe na cikin jini da ke taruwa a hanta, ga wahalar neman mai bayarwa. Wanda ke da burin dashen ƙoda, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ko a Masar ko Indiya, kowace ledar da ya kauce wa riba ce.

Amma allurar ba jini ba ce, ko da muna ce mata ta ƙarin jini. Takan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga canji a takardar gwaji. Mai PCV 15 (awon yawan jajayen ƙwayoyi a jini) da ke haki yana zaune, jini yake buƙata a ranar, ba allura ba.

A nan Ingila babu kemis ɗin da zai sayar maka da ita ba tare da takardar likita ba, kuma galibi sashen ƙoda na asibiti ne ke rubuta ta. Yawancin sassan suna da ma'aikaciyar jinya wadda aikinta kawai bin lambobin jinin marasa lafiya. Ba a fara allurar sai an auna himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jajayen ƙwayoyin jini, da ajiyar ƙarfe da ake kira feritin, da TSAT wato ƙarfen da ke yawo a jini, da bitamin B12 da folet, an kuma duba hawan jini. EPO kamar tashin magini ne a ce ya kama aiki, ƙarfe kuwa shi ne tubalin. Idan TSAT ya gaza kashi 20 cikin ɗari, ko feritin ya gaza 100, sai a fara da ƙarfe tukuna. Masu wankin ƙoda ma ana son nasu feritin ya haura 200. Wani bincike da aka yi a nan Birtaniya, PIVOTAL, wanda aka wallafa a 2019 kan masu wankin ƙoda 2,141, ya nuna cewa ba da ƙarfe ta jijiya miligiram 400 a wata, sai in feritin ya wuce 700 ko TSAT ya kai 40, ya rage yawan EPO da ake buƙata, ya kuma rage ƙarin jini.

A gida gwajin feritin shi ake fara tsallakewa saboda tsada. Sai a yi ta sayen allura, jini ya ƙi motsi, a ninka ta, a haɗa da kwalaben maganin ƙarin jini na sha da zoɓo da ganyen ugu. Kuɗin allura biyu ko uku da aka yi a banza sun isa biyan gwajin. Hanjin mai wankin ƙoda ba ya tsotsar ƙarfen ƙwaya sosai, shi ya sa ake ba da shi ta jijiya lokacin wanki. Wanda bai kai ga wanki ba kuma yake shan ƙwayar, kada ya haɗa ta da shayi ko ƙwayar kalsiyam, suna hana ta shiga jiki.

Sai maganar da ta fi komai muhimmanci, wato inda ake son jinin ya tsaya. A nan ana rubuta himogulobin da giram a lita, ka ga 105. A gida a rubuta 10.5, ko a ce PCV kusan 31 ko 32, don PCV kamar ninki uku ne na himogulobin. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ajiye wa manya tsakanin 10 da 12, wato PCV 30 zuwa 36. Amurka ta fi tsanantawa: tun 2011 ta ce a rage ko a dakatar idan mai wankin ƙoda ya doshi 11. Ba a neman jinin ya cika kamar na mai lafiya, kuma ba don rowar magani ba ne. An gwada, an ga abin da ya biyo baya. A 1998 aka wallafa gwajin da aka yi ƙoƙarin kai PCV na masu wankin ƙoda masu ciwon zuciya zuwa 42. Tsayar da shi aka yi kafin lokaci saboda mace-mace sun fi yawa a wannan ɓangare. A 2006 gwajin CHOIR, mai mutum 1,432, ya kwatanta 13.5 da 11.3, masu neman na sama suka fi samun matsalar zuciya. A 2009 gwajin TREAT, mai mutum 4,038 masu ciwon suga da ciwon ƙoda, ya samu shanyewar ɓarin jiki ga mutum 101 cikin masu karɓar allura, 53 kacal cikin waɗanda aka yi wa ta bogi. Kusan ninki biyu.

Don haka idan takarda ta nuna PCV 33, ba abin baƙin ciki ba ne, an kai inda ake so. Abin da ke damuna shi ne yadda dangi ke matsa wa likita a ƙara allura har sai ya kai 40, bisa kyakkyawar niyya. Jinin da ya yi kauri, ko ya hau da gaggawa, shi ke haifar da gudan jini a ƙafa ko huhu, ya toshe hanyar jinin da aka ɗinka a hannu don wanki, wadda ba a samun madadinta da sauƙi. Ƙa'idar Amurka ita ce idan ya hau fiye da giram 1 cikin mako 2, a rage kashi ɗaya cikin huɗu na allurar. Ragewa ake yi a hankali, ba a yanke ta gaba ɗaya sai in ya yi sama sosai, don yankewa na sa jinin ya faɗi a sake farawa daga tushe.

Hawan jini kuwa shi ne illar da aka fi gani. A nan ana auna shi kafin allura, in ya yi sama sosai a jinkirta har a daidaita shi. Ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, dishi-dishin gani, ruɗewa ko jijjiga, duk na garzayawa asibiti ne. Haka kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko nauyin hannu.

Yawan da ake farawa da shi na nau'in Eprex da makamantansa shi ne yunit 50 ga kowane kilo, sau 3 a mako. Mai kilo 60 zai karɓi 3,000 sau uku, 9,000 ke nan a mako. A gida sirinji mai 4,000 aka fi sani, kuma sau da yawa ana yin ta ne ranar da kuɗi ya samu. Wannan nau'in ba ya daɗewa a jiki, kwana ɗaya ko biyu ya tafi, don haka allura uku a mako guda sannan wata guda babu ba ta kai ɗaya-ɗaya a kai a kai amfani ba. Akwai kuma dabarar da ta dace da aljihunmu: yin ta a ƙarƙashin fata, a ciki ko cinya, yana buƙatar ƙasa da abin da ake zubawa ta jijiya da kusan kashi ɗaya cikin uku. A tambayi likita a kan haka. A nan an fi sakin jiki da masu dogon zango, Aranesp da ake yi sau ɗaya a mako ko mako biyu, da Mircera da ke iya kai wata guda. Sauƙi suka fi, amma haɗarinsu da iyakar 12 duk ɗaya ne.

Wanda bai fara wanki ba, a nan koya masa ake ya yi wa kansa. Mota mai sanyi ta kawo masa har ƙofar gida, tare da ɗan bokitin roba mai ruwan ɗorawa na zuba allurar da aka yi amfani da ita. Ajiyarta tsakanin digiri 2 da 8 ne, a tsakiyar firij, cikin kwalinta don haske, ba a jikin bangon baya inda take iya daskarewa ba. Ba a girgiza ta. A fito da ita kamar minti 15 zuwa 30 kafin a yi, a duba ruwan: in ya yi gajimare ko akwai ɗigo-ɗigo a ciki, a zubar. Wasu nau'o'in takardarsu ta yarda su yi 'yan kwanaki a waje, amma da sharaɗin kada zafi ya wuce digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maraɗi suna haura 40. Allurar da ta kwana a firij ɗin da aka ɗauke wa wuta tun la'asar, ko ta yi yini a aljihun ɗan aike, ba lallai ta canza kala ba, ƙarfinta ne ke tafiya. A saya a inda ake da sola ko janareto tsayayye, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a ɗauko ta a cikin kula mai ƙanƙara naɗe da tsumma don kada ta taɓa sirinjin kai tsaye.

Lalacewar ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Akwai wata illa da ba kasafai ake gani ba, inda jiki ke ƙera garkuwa a kan EPO, har da ɗan wanda ƙodarsa ke fitarwa, ɓargo ya daina ƙera jajayen ƙwayoyi kwata-kwata. An ga yawaitarta daga 1998 zuwa farkon shekarun 2000 bayan an sauya haɗin wani nau'i, an kuma gan ta a Tailan tare da kwaikwayon da ba a tantance da kyau ba. Alamarta ita ce mutum yana amsa allura lafiya na watanni, sai jini ya riƙa zubewa ƙasa da sauri duk da ana yi. Nan tsayar da ita ake yi, sauya kamfani ba ya magani. Amma kafin a kai ga wannan zato, abubuwan da suka fi hana allura aiki su ne ƙarancin ƙarfe, ƙwayar cuta musamman a bututun wanki na wuya, zubar jini ta hanji, da wankin da bai isa ba. A nan sau 3 a mako ake wanki, kimanin awa 4 kowanne. Wanda ke samun sau ɗaya dole jininsa ya yi nauyin tashi.

Ba kowane ƙarancin jini ne nata ba. Na zazzaɓin cizon sauro, na tsutsar ciki, na mai ciki, na yawan jinin al'ada, ƙodarsu na fitar da EPO isasshe, maganin sanadin ake yi. Mai ciwon daji a nan ba a ba shi sai in maganin dajin ne ya rage masa jini, tare da bayani a fili cewa an ga tana iya gaggauta ciwon a wasu nau'o'i. Mai sikila da ƙodarsa ta taɓu kuwa sai likitan jini ya sa hannu, kuma ba a barin nasa ya wuce 10, don kaurin jini na tayar da ciwon.

Batun kuɗi: majiyyaci a sashen wanki na NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ba ya biyan ko kwabo a kan allurar, amma daga haraji ake biya, kuma yawancin baƙi masu biza suna biyan fam 1,035 a shekara na lafiya tun 2024. Likita ba zai rubuta ta da sunan wanda bai gani ba, balle wanda ke wata ƙasa. Akwai kuma ƙwaya, roxadustat, da NICE ta amince da ita a 2022 ga waɗanda ba su fara wanki ba. Ana sha sau 3 a mako, ba ta buƙatar firij, sai dai haɗarin gudan jini yana nan, gwaji ma haka. Abin da ɗan uwa zai iya sakowa a jaka cikin sauƙi shi ne na'urar awon hawan jini ta damtse, da ɗan ma'aunin sanyin firij, sauran kuɗin kuma a tura don gwajin himogulobin duk mako 2 zuwa 4 a farkon fara allura, sannan duk wata, da feritin da TSAT duk wata 3. A riƙa rubuta sakamakon da kwanan wata da yawan yunit ɗin da aka yi a littafi guda, a tafi da shi duk ranar ganin likita.