Sirinjin ɗura ko ƙaramin mazubi mai ɗumi: wanne zai sa jaririn macijin masara ya fara ci?

Ɗan'uwa, ka sayi ƙaramin mazubin roba da shimfiɗar ɗumi mai na'urar daidaita zafi, ka bar sirinjin ɗuran nan, na tura wa maciji abinci ta dole, inda ka gan shi. Duka biyun suna hannuna. Ɗaya kullum a cikin aiki yake, ɗayan kuwa yana ƙasan durowa, kuma har yau ina jin zafin kuɗin da na kashe a kansa.

Ka ce jaririn macijin masarar da ka sayo, wato ɗan macijin nan marar dafi da ake kiwo a gida, ya ƙi cin abinci, sati uku da ƙyanƙyashe shi, kuma a babban akwatin gilashi ka ajiye shi. To, sati uku bai kai na tashin hankali ba. Jaririn macijin masara yana fitowa daga ƙwai da ragowar gwaiduwa a cikinsa, da ita yake rayuwa har ya yi saɓar farko, wajen kwana 7 zuwa 10 bayan ƙyanƙyasa. Kafin wannan saɓar yawancinsu ko kallon abinci ba sa yi, bayanta ma wasu sukan ja lokaci. Akwatin gilashin ne ya fi damuna. Abin da tsawonsa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, nauyinsa bai kai giram 10 ba, a daji abincin kowa ne: tsuntsaye, manyan macizai, komai. Idan ka sa shi a fili fetal, haske ta ko'ina, mutane na wucewa, tunaninsa ɗaya ne, ina zai ɓuya. Macijin da ke tsoron a cinye shi ba ya haɗiyar abin da zai sa ya yi nauyin gudu.

Mazubin da nake nufi bai fi kwalin takalmi girma ba, mai murfin da ke kamawa gam, domin waɗannan 'yan mitsitsin gwanayen sulalewa ne. Ka huda ƙananan ramuka na iska, ka shimfiɗa takardar goge hannu a ƙasa, ka sa ɗan ƙoƙon ruwa marar zurfi, da maɓoya biyu matsattsu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Matsattsu fa, yadda zai ji bango yana taɓa jikinsa. Shimfiɗar ɗumin ta zauna a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na mazubin kawai, gefen ya tsaya a digiri 28 zuwa 30, ɗaya gefen wajen 23 zuwa 25. Kada ka jona ta ba tare da na'urar daidaita zafin ba. Ita kaɗai tana iya yin zafin da zai ƙona masa ciki, shi kuwa ba ya saurin janye jiki. Ɗumin nan shi ne wutar girkinsa: jikinsa ba ya samar da zafi da kansa, idan wuri ya yi sanyi abinci ba ya narkewa, shi ma ya san da haka, sai ya ƙi ci.

Ina da wata macijiya mai ruwan lemo da jajayen tabo, wadda yanzu ta kusa tsawon hannuna biyu. Da ta zo, duk abin da na miƙa mata da hantsaki sai ta ja da baya ta lanƙwasa wuya, tana kaɗa jela a kan takarda kar-kar-kar, ta juya ta shige lungu. Na mayar da ita ƙaramin mazubi, na ɗaure hannuna ban taɓa ta ba, ruwa kawai nake canzawa. Wata rana da magariba na ɗumama jinjirin ɓera, na sa su tare a ɗan kofin roba mai hudajjen murfi, na ajiye kofin a cikin mazubinta nesa da shimfiɗar ɗumi, na kashe fitila na fita. Zuciyata na ta cewa in leƙa, na daure. Da asuba na buɗe, ba ɓera, sai ga ta a naɗe da ɗan kumburi a tsakiyar jiki, tana zaro harshe a hankali. Wallahi ranar na yini ina murna. Tun daga nan ba ta sake yi mini gardama ba sai lokacin saɓa, idan idonta ya yi shuɗi-shuɗi.

Ɓeran ma yana da nasa sharaɗin. Jinjiri marar gashi, na kwana ɗaya ko biyu, wanda kaurinsa bai fi mafi kaurin jikin macijin da yawa ba. Idan daskararre ne, ka narkar da shi a firji ko a ruwan sanyi, sannan ka tsoma shi cikin ruwan ɗumi har ka ji ya yi ɗumi a yatsanka, ciki da waje. Idan ya ƙi, ka zubar da ɓeran da safe, ka jira kwana 5 zuwa 7 kafin ka sake. Miƙa masa kullum tsoro yake ƙara masa. A gwaji na gaba ka canza abu ɗaya tak. Ka wanke jinjirin da ruwa sosai don warin ɓera ya ragu. Ko ka tsoma shi a tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu ka bari ya huce. Ko ka huda kansa da allura har ɗan ruwan ƙwaƙwalwa ya fito; ba daɗin gani, amma yana aiki fiye da yadda kake zato. Idan duk ya ƙi, ka goga wa jinjirin ɓeran ƙanshin ƙadangare. A kudu maso gabashin Amurka inda asalinsu yake, irin su Florida da Jojiya, jariransu sun fi farawa da ƙananan ƙadangaru da kwaɗin bishiya, sai sun tasa su koma ɓeraye. Gogawa kawai za ka yi, kada ka ba shi ƙadangaren daji ya ci, domin tsutsar ciki. Wasu kuma motsi suke jira, sai jinjiri mai rai ya tada su, daga baya a juyar da su zuwa daskararre.

Sirinjin ɗura kuwa, ba zan ce ba shi da rana ba. Yana niƙa jinjirin ɓera ya tura shi ta bututu zuwa cikin macijin, kuma ga wanda ya rame har ya kusa mutuwa yana iya ceton rai, a hannun likitan dabbobi ko wanda ya daɗe yana kiwo. A hannun sabon shiga, maƙogwaron nan siriri ne ƙwarai, kuskure kaɗan ka yaga shi. Ko an dace, cika ciki kawai aka yi, ba a koya masa kama abinci da kansa ba, an dai koya masa cewa hannunka abin gudu ne.

Da kuɗin sirinjin ka sayi ƙaramin sikeli mai auna giram. Ka auna macijin sau ɗaya a sati, ka rubuta. Muddin nauyinsa na tsaye, yana shan ruwa, yana zagaye da dare, kana da sauran lokaci. Idan ya fara sauka a kai a kai, fata ta yi yamushi a gefe, ƙashin baya ya fito, ko ya yi laushi ba kuzari, kai shi wurin likitan da ya san dabbobi masu jan ciki, kada ka jira. Randa ya ci kuma, ka ƙyale shi awa 48 ba ɗauka ba taɓawa. In ya amayar, ka ba shi hutun kwana 10 zuwa 14 kafin ka sake gwadawa da ƙaramin ɓera.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Akwai masu sayarwa marasa tsoron Allah da ke tattara jariran da suka ƙi ci su sayar da su tun kafin su rame, bakinsu cike da "yana ci lafiya lau". Mai kiwo na gaskiya ba ya sakin jariri sai ya ci da kansa sau uku ko fiye, kuma zai nuna maka rubutaccen lissafi: ranar ƙyanƙyasa, ranar saɓa, ranakun da ya ci, mai rai ne ko daskararre. Ka koma wurin wanda ya sayar maka ka nemi wannan lissafin, ka tambaye shi da me yake ciyar da 'yan'uwansa da kuma a irin wane mazubi suke. Idan ya fara kame-kame, ka ɗauka naka bai taɓa ci ba, ka fara daga farko. Haka masu sayar da daskararrun ɓeraye: wanda ka ga sun manne da juna cikin ƙanƙara mai jini-jini, ko suna wari bayan narkewa, sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su. Kada ka karɓa, ko da an rage maka kuɗi.

Ka haɗa mazubin yau, ka tabbatar da zafin da ma'auni kafin ka sa shi, ka ba shi sati guda ba taɓawa, sannan ka gwada kofin da dare.