Sharhi: SolidWorks da babban inji, inda nauyin yake ɓuya

SolidWorks, manhajar zanen injuna ta kamfanin Dassault Systèmes na Faransa, tana tafiya sumul muddin sassan da ka haɗa ba su da yawa. Ana gane halinta ne ranar da aka haɗa cikakken inji, misali layin casar shinkafa irin aikin da ake kai wa masu ƙira da walda a Idu, unguwar masana'antu ta Abuja: firam, bel, boris, giya, rariya, da noti da washa bila adadin. Daga nan sai buɗe fayil ya zama jira, juya injin a allo ya koma tsalle-tsalle. Bayan aiki da ita a kan irin waɗannan injuna, hukuncina shi ne manhajar tana ɗaukar nauyin, kuma ta zo da kayan gano mai laifi. Mafi yawan lokuta mai laifin 'yan sassa ne ƙalilan da aka zana fiye da kima.

Kafin ka taɓa komai, tantance wane irin jinkiri ne. Idan wajen buɗewa ne, ka zargi inda fayilolin suke ajiye. Idan bayan kowane ɗan gyara ne sai ta tsaya tana lissafi, ka zargi ɗaure-ɗauren da ke riƙe sassa da juna. Idan kuwa wajen juyawa da matsowa ne, to yawan ƙananan alwatikan da katin girafik yake zanawa don fito da siffar sassa a allo ne. Maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan, shi ya sa mutum zai ƙara RAM ya dawo ya tarar da matsalarsa tana nan daram.

Abin da ya fi burge ni shi ne Performance Evaluation da Assembly Visualization, dukansu a ƙarƙashin shafin Evaluate na manhajar. Na farko yana nuna fayilolin da suka fi cin lokaci wajen buɗewa. Na biyu yana jera sassa gwargwadon yawan alwatikansu, daga mafi nauyi zuwa ƙasa. Duba goma na sama kawai, za ka ga ɓarayin.

Kusan kullum rariya ce ke kan gaba. Ɗauki faranti mai tsawon mita 1 da faɗin rabin mita, da huda a kowane milimita 5: layi 200 sau 100, huda 20,000 ke nan. Kowace huda da'ira ce da sai an yanyanka ta zuwa ƙananan alwatika kafin ta fito a allo, kuma injin yana iya ɗaukar irin wannan faranti huɗu ko shida. Mai yanka yana buƙatar hudojin a zanensa, amma babban haɗi ba ya buƙatarsu ko kaɗan. Yi wa farantin siga biyu a cikin fayil guda: cikakkiya don yanka, da sassauƙa wadda aka danne hudojin, sai ka sa sassauƙar a cikin injin. Haka zaren noti. Wanda ya zana zare na gaske mai murɗewa a kan noti ɗari biyar ya ɗora wa kwamfutarsa kayan da babu mai gani. Cosmetic Thread, wato alamar zare kawai, ya wadatar, kuma yana fitowa daidai a takardar zane. Motoci da akwatunan giya da ake saukowa da su daga shafin masu sayarwa a fayil na STEP su ma suna zuwa da kayan cikinsu duka, har da rubutun suna da aka tono a jiki. Defeature yana sheƙe wannan ya bar siffar waje da ramukan ɗauri. Sai kuma Image Quality a Document Properties: idan an ja shi zuwa jan yanki, alwatika suna ninkuwa, kuma saitin yana bin kowane fayil duk inda aka kai shi.

Manhajar tana shiga yanayin babban haɗi da kanta idan sassa suka kai 500, ta koma Large Design Review a 5,000, kuma ana iya sauya adadin. Yanayin Lightweight yana loda wani ɓangare na bayanan kowane sashe, sauran sai an buƙata. Large Design Review yana buɗewa da sauri sosai, ya dace da nuna wa mai aiki injinsa ko ɗaukar awo, amma gyaran da ake iya yi a ciki taƙaitacce ne, kar ka sa ran yin aikin yini a can.

Batun ɗauri yana buƙatar horo. Kada ka zuba sassa dubu a mataki ɗaya. Raba injin gida-gida: ɓangaren tuƙi, ɓangaren rariya, firam. Ɗaurin da ke cikin ƙaramin haɗi mai tauri ba a sake lissafa shi a sama, amma da zarar ka mai da shi Flexible, wato sassansa su iya motsi, lissafinsa ya dawo kan babban haɗin. Ja ko rawayar alama a jerin sassa kuwa, gyara ta yau, domin manhajar tana sake kokawa da ita a kowane lissafi.

Ga mai shirin zuwa kasuwar Banex ta Abuja sayen kwamfuta: sake lissafin siffofi galibi a kan ƙwaƙwalwa (core) ɗaya ta firosesa yake gudana, don haka saurinta ya fi yawansu amfani. RAM giga 16 shi ne mafari, 32 ya fi kwanciyar hankali ga babban inji. SSD dole ne. Katin girafik ya zama cikin waɗanda aka tantance wa manhajar, da manhajar direba (driver) da ta dace da shi. A laftof, tabbatar a NVIDIA Control Panel cewa SolidWorks tana amfani da babban katin, ba ƙaramin da ke jikin firosesa ba. Idan aka ɗauke wuta laftof ta koma batir, tana rage gudunta da kanta, don haka inbata tana cikin kayan aiki. Zafin Maris da Afrilu a Abuja da ƙurar hunturu da ta toshe fanka su ma suna sa firosesa ja da baya. A busa fankar, a ɗaga ƙasan laftof ɗin iska ta shiga.

Fayiloli su zauna a SSD na kwamfutar, ba a filashi ko jakar da OneDrive ke aikawa sama a kowane ajiya ba. Waɗanda aka zana da tsohuwar sigar manhajar suna jinkirin buɗewa har sai an sabunta su, kuma Task Scheduler yana yin wannan a dunƙule cikin dare. Kafin ka danna, ajiye kwafin tsofaffin, ka kuma tambayi abokin aikinka sigar wace shekara ce a kwamfutarsa, domin tsohuwar siga ba ta iya gyara fayil ɗin da aka sabunta.