Akodiyon Kajun: koyo da kunne ko da takarda?

Akodiyo abin kiɗa ne mai zuga-zugi da ake riƙewa a hannu biyu. Wanda Kajun, wata al'umma ta kudu maso yammacin Luwiziyana a Amurka, suke kaɗawa ƙarami ne: maɓallai 10 a jere ɗaya, kowanne da sauti biyu, ɗaya in an matsa zuga-zugin, ɗaya in an ja.

Mai koyo da takarda yana bin lambobi ne, 1 zuwa 10, da alamar matsawa ko ja. Yana saurin kama waƙa, kuma hanyar tana da amfani ga wanda ba shi da makaɗi kusa. Sai dai takarda ba ta nuna nauyin hannu, ba ta nuna 'yan kwalliyar da ake cusawa tsakanin sautuka, waɗanda su ne gishirin kiɗan.

Koyo da kunne akwai wuya, ga cin lokaci. Mutum zai saurari waƙa har ta zauna masa a ka, ya rera ta da baki, sannan ya lalubo ta da yatsu. Haka Iry LeJeune, wani makaɗin akodiyon Kajun wanda kusan makaho ne, ya yi ta sauraron faya-fayen Amédé Ardoin, makaɗin da ya fara naɗar kiɗansa a 1929. A garin Eunice kuwa, a shagon Marc Savoy mai ƙera akodiyo, makaɗa kan taru da safiyar Asabar, ɗan koyo ya zauna gefe yana kallon hannun manya.

Ni dai kunne na fi so, domin kiɗan rawa ne, kuma makaɗa biyu ba sa kaɗa waƙa ɗaya iri ɗaya. Takardar a ajiye ta don tuna farkon waƙa idan ya kuɓuce.